Kafin Ka Kira Kanka Rago

Ƙannena na Gumbin Kure da sauran ƙauyukan Maiyama, da ku na Jega da Aliero, akwai tambayar da nake so ku rage yi wa kanku: shin ni mai himma ne ko rago? Amsarta tana bin yadda mutum ya wayi gari ne kawai. Ranar da malam ya yabe ka a gaban aji, kai ne gwarzo. Ranar da Baba ya dawo daga fadama ya tarar ba ka shayar da dabbobi ba, ya yi maka wankin babban bargo, to a ranar kai ma ka amince rago ne kai, ka kwana da haushin kanka, gari ya waye kana nan inda kake. Akwai wata tambayar da ake iya amsa ta da alƙalami: wane aiki na ce zan yi, yaushe na ce zan fara, yaushe kuma na fara? Tazarar da ke tsakanin biyun nan na ƙarshe ita ce ya kamata ku koyi aunawa.

Sai dai kafin a yi awo a san abin da ake aunawa, don ba kowane jinkiri ne jan ƙafa ba. Ku da kuka tashi a ƙasar albasa kun fi kowa sanin haka. Manomin Aliero da ya cire albasarsa da rani, lokacin da ta cika kasuwa farashi ya faɗi warwas, ya ƙi sayarwa ya kai ta rumbu ya jira watanni, jinkiri ya yi, amma da lissafi. Ya san wata za ta ruɓe, ya san za ta rage nauyi, ya duba ya ga abin da zai samu in ta yi tsada ya fi asarar. Ga kuma wani: iri ya isa dashe, mako shida ko bakwai ke nan da yafawa, an gama fangali, injin ban ruwa lafiyarsa ƙalau, akwai mai, akwai masu taya shi, ya kuma san in irin ya tsufa a inda aka yafa shi albasar ba za ta yi kai yadda ake so ba. Duk da haka ya ce sai jibi, jibi ta zo ya ce sai bayan kasuwa. Da wannan na biyun muke. Piers Steel, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Calgary ta Kanada, wanda a 2007 ya tattara sakamakon ɗimbin binciken da aka yi kan wannan hali, ya ba da ma'anar da ta haɗa abu uku: ka yi niyyar aikin, ba wanda ya hana ka, kuma kai da kanka ka san jinkirin zai cuce ka. In ɗaya cikin ukun babu, to wani abu ne daban, ko da kuwa an yi maka faɗa a kai.

Masana sun daɗe suna neman ma'aunin wannan hali, kuma hanyar da suka fi bi ita ce takardar tambayoyi. A 1984 Laura Solomon da Esther Rothblum suka raba irin wannan takarda ga ɗalibai 342 a Jami'ar Vermont ta Amurka. Kashi 46 cikin ɗari suka ce kusan kullum sai sun ja ƙafa wajen rubuta dogon aikin da ake miƙawa a ƙarshen zango, kimanin kashi 30 wajen karatun mako-mako, kimanin kashi 28 wajen shirin jarrabawa. Da aka bi dalilan da suka bayar, biyu suka fi fitowa fili, wato tsoron faɗuwa da ƙyamar aikin kansa. A 1986 Clarry Lay na Jami'ar York ta Kanada ya fito da ma'auni mai jimloli 20, kan abubuwa irin su mayar da littafin aro, amsa saƙo, da shirin tafiya. Mutum zai karanta kowace jimla ya zaɓi lamba daga 1 zuwa 5 gwargwadon yadda ta yi kama da shi, a ƙarshe a haɗa maki. Har gobe ana amfani da shi. Amma ku sake duba lambobin Vermont ɗin nan. Ɗalibai iri ɗaya ne aka tambaya, sai dai da aikin ya canza, amsar ta canza. Ko daga nan ma an fara ganin cewa ba a yi wa mutum tambarin ragwanci a goshi gaba ɗaya. Akwai ayyukan da yake gudu, akwai waɗanda yake yi ba a sa shi ba.

Takardar tambayoyi tana da wani ciwo da masu ita ma suka sani. Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwar Jega ya san abin da ya sa mai saye ke tsayawa a kan mai awo. Mudu ɗaya ne, amma hannu ya san yadda yake tula shi in kansa zai auna wa, da yadda yake shafe shi in wani zai auna wa. To a takardar tambayoyi kai ne hatsin, kai ne mai awon, ba kuma wanda ke tsaye a kanka. Ko da ka yi niyyar faɗin gaskiya, da wa kake gwada kanka? A wani bincike da Martin West da abokan aikinsa suka wallafa a 2016, an tambayi yara fiye da 1,300 a makarantun birnin Boston su ba kansu maki kan kamun kai da naci. Yaran wasu makarantu masu tsananin horo da dogon lokacin karatu, waɗanda suka fi ci gaba a jarrabawa, su ne suka ba kansu maki ƙasa da na sauran. Bayanin da masu binciken suka fi karkata gare shi shi ne, waɗannan yara suna cikin masu ƙoƙari, don haka abin da suke kira ƙoƙari ya yi sama. Haka abin yake a nan. Yaron da ke karatun awa ɗaya a rana cikin abokan da ba sa buɗe littafi, gwani yake ganin kansa. Ya samu gurbi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, ya faɗa ɗaki ɗaya da masu raba dare a aji, sai ya koma ganin kansa malalaci, alhali awar nan tasa ko minti ɗaya ba ta ragu ba.

Zuciya kuma ba a abin da ya wuce kaɗai take yaudara ba, har da abin da ke tafe. A 1994 Roger Buehler da Dale Griffin da Michael Ross suka tambayi 'yan ajin ƙarshe a Jami'ar Waterloo ta Kanada kwana nawa ya rage su miƙa furojet ɗinsu. Matsakaicin hasashensu kwana 34 ne. Aka ce to in komai ya lalace fa, in duk wata matsala ta taso? Suka ce wajen kwana 49. Abin da ya faru a zahiri kusan kwana 56 ne, wato ko mafi munin zatonsu bai kai gaskiya ba, kuma kimanin kashi 30 cikin ɗari ne kawai suka gama a lokacin da suka ambata. Duk wanda ya taɓa ce wa supabaiza "Yallaɓai, mako mai zuwa in Allah ya yarda babi na biyu zai zo", ya san wannan lissafi a jikinsa.

Abin da ya rage ke nan a bar tambayar zuciya a duba aiki. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo malam ba ya tambayar almajiri ko yana da himma. Cewa yake yi "zo ka biya". In ka biya daidai a ce je ka wanke a yi maka ƙari, in ka yi ta inda-inda ka koma ka zauna da allonka. Alƙur'ani an raba shi izu sittin, kowane izu an sake rarraba shi har zuwa sumuni, ta yadda gardi ya san inda yake yau da inda yake a watan jiya, ba sai ya yi tsammani ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin kan sa ido a kan rai da yi masa hisabi, inda ya tsara cewa da safe mutum ya gindaya wa ransa sharaɗi, da rana ya sa masa ido, da dare ya zaunar da shi a yi lissafi. Tsarin da zan ba ku bai wuce wannan ba, illa dai na ƙara masa agogo da biro.

Ka sami ƙaramin littafin rubutu, irin mai ganye arba'in ma ya isa. Da safe, ko da dare kafin ka kwanta, ka rubuta aiki biyu ko uku, kada su wuce haka. Sharaɗin farko shi ne aikin ya zama mai ƙirguwa. "Zan yi karatu" ba ya ƙirguwa, don wanda ya buɗe littafi ya yi hamma sau biyu ya rufe zai iya rantsewa ya yi karatu. Ka rubuta shafi nawa, tambaya nawa, fangali nawa, ɗinki kala nawa. Sannan lokacin farawa, kuma ya fi kyau ka ɗaura shi a jikin salla, don ita ce agogon da ba ya mutuwa in ba wuta. Da dare ka cike sauran. Shafin zai iya fitowa kamar haka:

Talata. Tambayoyi 20 na Fizis daga takardun JAMB na baya. Zan fara da an idar da La'asar, ƙarfe 4:30. Na fara 5:50. Na yi 7 aka kira Magariba. A tsakani: na kai waya caji, na tsaya kallon ƙwallo a shagon. Abin da na ji: da na tuna lissafin lantarki sai gabana ya faɗi.

Layin farko ya ba ka lamba, minti 80 na tazara da tambaya 7 cikin 20. Layi biyun ƙarshe su ne masu tsada, kuma su ne za ka fi jin nauyin rubutawa. Ka rubuta su a gajarce, ba wa'azi, ba zagin kai. In kana da babbar waya, a cikin saitinta akwai wurin da ke nuna awa nawa ka yi a kowace manhaja. Ka kwafo lambar kamar yadda take, kada ka yi mata kwaskwarima. Yawancin mutane in suka ga tasu a karon farko sai su ce wayar ce ta yi kuskure.

Kada ka yanke wa kanka hukunci da shafi ɗaya. Ka bari mako biyu su taru, sannan ka zauna ka karanta kamar littafin wani ne aka ba ka. Abin da za ka gani zai ba ka mamaki, don ba ko'ina tazarar take ba. Aikin gona ana ce maka ka tafi ka tafi. Turanci ka fara shi cikin minti biyar. Amma duk inda Fizis ya fito, ko kiran wanda ke bin ka bashi, ko zuwa ofishin da aka taɓa yi maka tsawa, sai tazarar ta buɗe baki. Za ka kuma lura da wani abu mai ban dariya: ranar da aikin ya fi ba ka tsoro, ranar ce ka fi zama yaron kirki. Ka share ɗaki, ka wanke takalman da ba su yi datti ba, ka tambayi Inna ko akwai aike, ka ɗauko rula da biro kala uku ka zana jadawalin karatu mai kyan gaske ka liƙa a bango, ka ja da baya kana kallonsa kamar ka gama aikin. Duk gudu ne, kuma shi ne mafi wuyar kamawa, domin ba mai yi maka faɗa a kansa, yabo ma ake yi.

Fuschia Sirois da Timothy Pychyl sun yi bayanin wannan a 2013. A ganinsu mai jan ƙafa ɓacin ran da aikin ke tayar masa yake gudu, ko tsoro ne, ko gundura, ko kunyar kada a gane bai iya ba. Da ya ce "sai gobe" sai ya ji sakayau nan take, wannan sauƙin kuwa shi ke koya wa zuciya ta sake yin haka gobe. Wanda zai biya bashin shi ne kai na mako mai zuwa, kai na yau kuma ba ka cika tausayinsa ba. Na yarda da wannan bayani fiye da wanda ke cewa matsalar rashin iya tsara lokaci ce. Mai jadawalin biro kala uku ai ya iya tsara lokaci.

Steel ya nuna cewa himma tana hawa da abu biyu, wato yadda kake sa ran za ka iya da kuma darajar abin a wurinka, tana kuma sauka da abu biyu, nisan ranar sakamako da saurin ɗaukewar hankalinka. Amfanin littafinka shi ne ya gaya maka wanne ne naka, domin magungunan ba sa shiga wa juna. In tsoro ne, ƙarin awanni ba zai yi komai ba. Ka koma baya zuwa inda ka fara ɓata, ko da littafin aji ɗaya ne na babbar sakandare, ka nemi wanda ya iya ka ce ya nuna maka, ka fara da tambayoyin da za ka ci. In ɗaukewar hankali ne, kada ka tsaya gwada ƙarfi da waya tana aljihunka, ka ba wa yayarka ajiya har ka gama. In kuwa darajar abin ce babu, misali kwas ɗin da kake yi zaɓin Baba ne kai kuma ranka na wurin kanikanci ko kasuwa, to wannan magana ce da za a zauna a yi da manya cikin ladabi, littafi ba zai yi maka ita ba.

Nisan rana shi ne ya fi cin mutane, don haka zan ɗan daɗe a kansa. A yankin Busia na yammacin Kenya, Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun lura cewa manoman masara da yawa suna cewa baɗi za su sa takin zamani, sun kuma san yana da riba, amma in lokacin ya zo sai a tarar ba kuɗi. A lokacin girbi kuɗin na nan, sai dai zuwa gari sayen taki ɗan wahala ne, damina kuma da sauran nisa, sai a ce bari dai tukuna. Kuɗin ya bi hidimomi ya zurare. Sai suka gwada wani abu ƙarami. Da an gama girbi a je wa manomi har gida a ce ya biya kuɗin takin yanzu, a farashinsa ba ragi, za a kawo masa kyauta in lokaci ya yi. Sakamakon da suka wallafa a 2011 ya nuna amfani da taki ya ƙaru da kashi 47 zuwa 70 cikin ɗari, tasirin da ya kai, ko ma ya ɗara, na rage rabin farashi da aka yi wa wasu daga baya cikin damina. Manoman nan halinsu bai canza ba. An dai matso musu da ranar yanke shawara zuwa lokacin da kuɗi ke hannu. Kai ma ranar da aka ɗora buhunan albasa a mota aka damƙa maka rabonka, ranar ce ta ware kuɗin rajistar jarrabawa ka ba wanda ba zai ba ka ba ko ka yi kuka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka nan ambaton lokaci da wuri yana da ƙarfin da ba a zato. A 1997 Peter Gollwitzer da Veronika Brandstätter suka roƙi ɗalibai a Jamus su rubuta ɗan rahoto kan yadda suka yi jajibirin Kirsimeti, cikin awa 48 bayansa. Wasu aka ce su faɗi tun yanzu yaushe kuma a ina za su zauna su rubuta, wasu aka bar su da niyya kawai. A cikin na farko kashi 71 cikin ɗari suka rubuta a kan lokaci, a cikin na biyu kashi 32. Mu ma muna da namu misalin a gida duk shekara. Wanda ya sha azumi uku yana da wata goma sha ɗaya na ramuwa, kuma kowa da niyyarsa, amma ku duba yadda ake rububin ramuwa a ƙarshen Sha'aban. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi sakaci ba uzuri har wani Ramadan ya shigo, bayan ramuwar sai ya ciyar kan kowace rana. Wanda ya ce "Litinin da Alhamis na makon farko bayan Sitta Shawwal" da wuya ya kai ga wannan.

Na san abin da wasunku za su ce, musamman 'yan jami'a masu TDB, wato karatu har wayewar gari a daren jarrabawa: "Ni kaina ya fi ɗauka in wuta ta kama." An auna wannan ma. Dianne Tice da Roy Baumeister sun bi ɗalibai tsawon zango guda a wata jami'a a jihar Ohayo, suka wallafa a 1997. A farkon zango masu jan ƙafa sun fi sauran kwanciyar hankali da ƙarancin rashin lafiya, abinsu gwanin sha'awa. A ƙarshen zango abin ya juye, suka fi kowa damuwa da ciwo, makinsu kuma ya fi ƙasa. Mai cewa ya fi iya aiki a ƙurarren lokaci galibi bai taɓa gwada ɗayan ba, da me zai kwatanta? Jarrabawar JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Wannan saurin hannu ne ke koyonsa a hankali cikin watanni, ba a dare ɗaya ba.

Yanzu ga wani amfanin littafin da na fi so, wato wanke wanda ba shi da laifi. Ke da kike tashi da asuba ki hura wuta, ki ɗebo ruwa, ki yi wa ƙanne wanka, ki dawo daga makaranta ki tarar da wanke-wanke da surfe, ki tafi Islamiyya, sannan da dare ki buɗe littafi barci ya kwashe ki a shafi na biyu, kina iya ɗauka ke ma raguwa ce. Ki rubuta. In layin "a tsakani" ya cika da aike da girki, abu na biyu cikin ukun nan na ma'anar Steel ya faɗi, don ba ke kika zaɓi jinkirin ba. Ki sami lokacin da Inna ke cikin nishaɗi ki zauna kusa da ita ki ce, "Inna, ga yadda yinina ke tafiya, na rubuta. Ko za a bar mini daga La'asar zuwa Magariba har a gama jarrabawa, in ƙanena ya riƙa ɗebo ruwan?" Uwa ta fi saurin jin magana in an nuna mata abu a fili cikin ladabi, fiye da in an yi ta kumbure-kumbure. Haka yaron da ke yini a fadama lokacin ban ruwa. Haka kuma wanda ya sa karatunsa da ƙarfe biyun rana a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ƙasar nan. Wannan sai ya mayar da karatun bayan Asuba.

Akwai kuma kasalar da ta fito daga jiki. Zazzaɓin cizon sauro da ke tafiya yana dawowa, ƙarancin jini, yunwa, da rashin isasshen barci duk suna kashe kuzari. In littafinka ya nuna tazarar ta mamaye komai, har abin da kake so a da, ƙwallo ko hira da abokai, ya fita ranka, barci da cin abinci sun rikice, abin kuma ya kai mako biyu ko fiye, to ka ajiye maganar himma ka je asibiti ka yi wa likita bayani. Ciwon damuwa ciwo ne da ake magani, faɗa da gori ƙara shi suke yi. In ka ga haka a ɗan'uwanka, kai ka raka shi.

Kada kuma littafin ya zama bulala. In duk dare zagin kanka za ka yi a cikinsa, ba za a daɗe ba shi ma zai shiga jerin abubuwan da kake gudu. Michael Wohl da Pychyl da Shannon Bennett sun bi ɗalibai 119 'yan ajin farko a Jami'ar Carleton ta Kanada tsakanin jarrabawa biyu, suka wallafa a 2010 cewa waɗanda suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi a ta farko sun fi rage shi a ta biyu, domin littafin darasin ya daina tuna musu da takaici. Yafe wa kai a nan yana tare da amsa laifi: na ce 4:30, na fara 5:50, Allah ya yafe, gobe wayar za ta kwana wurin Yaya. Nasarar da za ka nema ita ce minti 80 su koma 40, 40 su koma 15. Ranar da ka manta ba ka rubuta ba, ka bar shafin fari ka ci gaba daga na gaba, kada ka zauna cike shi da ƙiyasi.

Sannan ka sami mutum ɗaya da zai riƙa duba littafin ranar Juma'a bayan an sauko, aboki ko yaya ko malamin da kake jin nauyinsa, wanda ba zai yi maka dariya ba kuma ba zai yi maka kara ba. In ku biyu ne ku yi musaya, kowa ya karanta na ɗan'uwansa.

Ga masu shirin JAMB, ga aikin da ya dace ya buɗe shafin farko. Tun daga 2021 ba a rajista sai da lambar NIN, kuma da ita ake tura saƙo zuwa 55019 a karɓi lambar da za a sayi fom da ita. Bayanan da ke kan NIN ɗinka su ne za su hau rajistarka. In an rubuta Abubakar a can, takardun makarantarka kuma suna ɗauke da Bubakar, ko ranar haihuwa ta saɓa, gyaran a hukumar NIMC ake yin sa, yana kuma cin lokaci, ga layi da ke tsawo da zarar an buɗe rajista a farkon shekara. Ka ɗauko takardar NIN ɗin da ta makaranta ka jera su, ka bi harafi-harafi. Aikin minti biyar ne. Ka rubuta ranar da za ka yi shi da sallar da za ka yi shi bayanta.